Na Ce "To" Ga Maganar Da Ban Ji Ba

Shekarata 41, sana'ata walda, kuma a kowane kunnena akwai na'urar taimakon ji. Idan na cire su da dare, sai duniya ta koma kamar na dulmiya kaina cikin ruwa. Abin da ke saura shi ne wata siririyar ƙara, kamar kukan gyare amma marar hutu, wadda take tare da ni tun ina saurayi. Da jina garau aka haife ni. Sai da na shafe fiye da shekara 20 ina zubar da shi kaɗan-kaɗan, ina kuma dariya.

Ina ɗan shekara 6 na yi ƙyanda. Na warke, amma bayanta kunnena na hagu ya fara ciwo, daga baya ya fashe da ruwa, wani lokacin har da mugunya mai wari. Inna ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya jiƙanta, ba ni da abin da zan ce a kanta. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin, wannan ya ce a ɗiga kaza, wancan ya ce a ɗiga kaza, ita kuma uwa ce, ɗanta na kuka, sai ta gwada. Ruwan yakan ɗauke na 'yan watanni, da na yi mura ya dawo. Kowa cewa yake ciwon kunne na yara ne, girma zai raba ni da shi. Ni kuma idan ƙaiƙayi ya dame ni, tsinken ashana ko murfin biro nake zurawa. A aji na koyi zama a inda kunnena na dama zai fuskanci malami, ba tare da na san dalilin da ya sa nake son wurin ba. Wajen shekara 12 ruwan ya tsaya gaba ɗaya, muka ce Alhamdulillahi, aka manta.

Ina da shekara 15 aka kai ni koyon walda. Wanda bai taɓa wuni a shagon walda ba ba zai gane irin ƙarar da ake ciki ba. Ga injin yankan ƙarfe yana kururuwa, ga guduma a kan fallen ƙarfe, ga janareta a gefen ƙafarka tun safe har yamma. Idan kana son a miƙo maka awo sai ka yi ihu, wanda ke kusa da kai ma da ihu zai amsa.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne yadda muke ji da idanunmu. A makona na farko na kalli hasken walda ba gilashi, daren nan ban runtsa ba, kamar an watsa min yashi a ido, hawaye na ta zuba har asuba. Daga ranar ba wanda ya sake tuna min gilashi. Ido yana da baki, idan ka cuce shi a daren zai kai ƙararka. Kunne kuwa shiru yake yi. Abin da kawai yake yi shi ne, idan an tashi aiki aka kashe janareta, sai ka ji "ziii" a cikin kanka, muryoyin mutane su yi nisa kamar an toshe maka kunne da auduga. Ka kwanta, gari ya waye, ka ji ka dawo daidai. Na taɓa gaya wa ogana, ya yi dariya ya ce, "Yaro, za ka saba." Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma haka aka gaya masa, shi ma kuma sai an maimaita masa magana.

Na kuwa saba. Bayan 'yan shekaru ƙarar ta daina damuna, har ina yi wa sababbin yara tsiya idan suka toshe kunne da yatsa. Ina ganin jarumta ce. Ashe sabon nan da nake taƙama da shi, shi ne ciwon kansa. Kunnen ne ya fara mutuwa, shi ya sa ƙarar ta yi min sauƙi.

Da na sayi waya mai kiɗa sai na ƙara wa kaina wani. Iyafis ba ya barin kunnena. Don in ji waƙa a cikin ƙarar inji dole in ƙure murya, wato na ɗora ƙara a kan ƙara. Da dare kuma, lokacin da "ziii" ɗin ya daina tafiya da safe ya zauna daram, sai na riƙa kwana da iyafis don waƙa ta danne shi in samu barci. Kunnen da ya wuni yana shan wahala ko hutun dare ban ba shi ba.

Na yi aure ina da shekara 28, na buɗe shagona. Matata ce ta fara lura. Za ta ce ta yi ta sallama ban amsa ba. Za ta ce rediyon nan ya yi ƙara, ni kuma in ce ai da ƙyar ake jinsa. Mun sha yin faɗa a kan na ce ba ta gaya min abu ba, ita kuma ta rantse ta gaya min, har na amsa. A ganina a lokacin, mutane ne suka daina buɗe baki idan za su yi magana. Kowa ƙunƙuni yake.

Akwai abin da masu ji ba sa ganewa game da irin wannan lalura. Ina jin murya sarai. Na san ana magana, na san wa ke yi, ina jin hawa da saukar muryar, har ina gane ko faɗa ne ko wasa. Abin da ya ɓace min shi ne bakin kalmomin. "Fari", "sari" da "tsari" duk suka zama abu ɗaya a wurina. Kamar a ba ka wasiƙa an goge harafin farko na kowace kalma, a ce ka karanta da sauri. Ka iya cankar wasu, amma zuwa yamma kanka ya yi nauyi da gajiyar canka.

Wata rana wani ya kira ni a waya ya ba ni awon ƙarafan taga. Ya ce tis'in, na ji sittin. Na yanka ƙarfen gaba ɗaya a kan sittin. Na yi asara, na kuma yi rantsuwa a gabansa cewa sittin ya ce, don har zuciyata abin da na ji ke nan. Bai sake kawo min aiki ba. Ko a lokacin ban ce kunnena ne ba, na ce layin waya ne ba kyau.

A hankali na ƙware a wata dabara. Idan aka yi min magana ban gane ba, sai in ce "to", ko "haka ne", ko "ikon Allah". Kalmomin nan uku suna shiga kusan ko'ina. A cikin taro idan aka yi dariya in yi, ba tare da na san me aka ce ba. Daga baya na gaji da wasan, na daina zama cikin abokai. Wasu suka ce girman kai ne tunda na buɗe shago. Wasu suka ce ina yi musu kunnen uwar shegu. Na gwammace a ce da ni mai girman kai da a ce da ni kurma. Na ga yadda ake yi wa mai matsalar ji: a yi masa ihu kamar yaro, a maimaita sau biyu, a na uku a ce "bar shi kawai" a juya. Mai gilashin ido ba wanda yake yi masa dariya, har cewa ake ya yi kama da ɗan boko. Mai na'ura a kunne kuwa kallon tausayi ake masa, ni kuma ban shirya karɓar wannan kallon ina ɗan shekara 30 da 'yan kai ba.

Ina da shekara 35 Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ni da ƙanwata muke jinyarta. Babban yayanmu yana aiki a nesa, tafiyar sa'o'i ce a mota, kuma mun yi da shi zai zo ƙarshen mako. Wani dare bayan isha'i ina zaune gefen gadonta, ta kamo hannuna ta yi magana. Muryarta ta yi ƙasa sosai, ga fanka tana juyawa. Na ga leɓɓanta suna motsi, na ji sautin, ban kama ko kalma ɗaya ba. Maimakon in sunkuya in ce "Inna, ban ji ba", sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "To, Inna." Ta saki hannuna ta lumshe ido kamar wadda hankalinta ya kwanta.

Da asuba ta cika.

Muna cikin kuka ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, ina Babban Yaya? Ya taso kuwa?" Na ce ai yanzu za a kira shi. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Ba ka kira shi jiya ba? Inna ta ce ka kira shi ya taho a daren, tana son ganinsa. Ina bakin ƙofa na ji. Ka ce to."

Na san rai da ajali na Allah ne, na san ko ya taso ba lallai ya riske ta ba. Na gaya wa kaina wannan sau ba adadi. Amma mahaifiyata ta roƙe ni abu na ƙarshe a duniya, na amsa mata da ƙarya, ta tafi tana zaton na yi. Hausawa na cewa in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa kunnen bai ji ba, kuma girman kai ya hana bakina faɗa.

Bayan kamar wata biyu na ce wa matata ta raka ni asibiti, ɓangaren kunne. Ba ta ce "ai na gaya maka" ba, mayafinta kawai ta ɗauka.

Likitar ta leƙa kunnuwana da 'yar fitila, ta ce dodon kunnena na hagu a huje yake, kuma tsohon rami ne. Sannan aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa min abin sauraro, aka ce duk lokacin da na ji sauti in danna maɓalli. Na zauna ina jira, ina cewa a raina har yanzu ba su fara ba. Ashe sun daɗe da farawa.

Da takardar ta fito, likitar ta dube ta, kafin in ce komai ta ce, "Malam, da inji kake aiki ko?" Na ce yaya aka yi ta sani. Ta nuna min layin da aka zana, yana tafiya sai ya faɗa rami a wajen lamba 4,000, wato sauti mai kaifi da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa ɗaya. Ta ce wannan ramin sawun ƙara ne, a nan take fara cin kunne, kuma a yankin nan ne haruffa irin su "s" da "f" da "sh" suke zaune. Nan take na tuna sittin da tis'in.

Ta zana min kunne a takarda. Sauti yana shiga ya bugi dodon kunne, dodon ya girgiza wasu ƙasusuwa uku 'yan mitsi-mitsi, ɗaya a cikinsu shi ne mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam. Su kuma su miƙa girgizar ga wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ne ke mayar da girgiza saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar ciyawar da aka taka. Idan aka taka sau ɗaya aka bari, za ta miƙe, wannan shi ne toshewar da nake ji da yamma ta warware da safe. Idan kullum ana takawa, sai ta mutu, wurin ya zama hanya. Ta ce ciwo biyu nake ɗauke da su. Ramin dodon kunnen hagu daga ciwon yarinta ne da ba a yi wa magani ba, kuma ana iya yin aiki a like shi. Na cikin katantanwa kuwa, a kunnuwan biyu, aikin ƙara ne.

Na ce, "To Likita, wane magani zan sha?" Ta ce, "Malam, ƙwayoyin nan idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Babu ƙwayar magani, babu allura. Abin da ya rage shi za mu tsare."

Na yi shiru. Ni mutum ne da ya saba idan ƙarfe ya karye a like shi.

Ita ce ta fara koya min lissafin ƙara. Ana auna ta da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. A 85, mutum zai iya yin awa 8 a rana, shi ne iyaka. Daga nan duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 100 minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe yana iya kaiwa 100 ko ya wuce. Na lissafa a raina, abin da ya kamata in yi na minti 15, na yi shi wuni guda, kwana shida a mako, shekara 20. Ta ba ni ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to wurin yana cin kunnenka.

Ta kuma yi min tambayoyin da ban taɓa zaton suna da alaƙa da kunne ba. Ko na taɓa yin sanƙarau ko hangum. Ko ina da ciwon suga, ko ina shan taba. Ko an taɓa yi min allurai irin su jentamaisin ko sitireftomaisin na tsawon lokaci, don akwai magungunan da ke ceton rai amma suna iya taɓa ji, shi ya sa bai kamata a yi su ba sai da umarnin likita da sa idonsa. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu ya kai matsayin da suke buƙatar taimako, kuma matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraron sauti. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na yara: kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar jinsu daga abubuwan da ake iya kaucewa ne. Allurar rigakafin ƙyanda, da kai yaro asibiti ranar da kunnensa ya fara ruwa. Na tuna kaina ina ɗan shekara 6.

An yi min aikin kunnen hagu, jina ya ɗan ƙaru. Na'urar kuwa sai da muka tara kuɗi kafin muka iya saye, kuma da na sa ta ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Takun ƙafata, ƙarar leda, zubar ruwa a bokiti, komai ya zo min lokaci guda kamar ana jifana. Kaina ya yi ta ciwo. Na jefa su a durowa kusan wata biyu. Da na koma aka sake daidaita su, aka ce ƙwaƙwalwata ce ta manta waɗannan sautukan, sai na riƙa sa su kullum kafin ta sake koyo. Na daure.

Wata safiya 'yar autata, lokacin tana da shekara 4, ta zo tana ba ni labari. Na tsaya ina saurare, sai na kira uwarta na ce, "Yarinyar nan tsamin baki ne da ita?" Ta fashe da dariya, sannan ta yi shiru, idonta ya ciko. Duk gidan an san haka, har tsokanarta yayyenta suke yi. Ni kaɗai ne ban taɓa jin yadda 'yata take faɗin "s" ba.

Ba zan ce na'ura ta mayar min da kunnena ba. A cikin taro har yanzu ina wahala, kuma ƙarar nan ta cikin kai tana nan. Amma na daina cewa "to". Yanzu cewa nake, "Ban ji ba, ka juyo ka fuskance ni." Kuma ina roƙon mutane kada su yi min ihu, don ihu yana ƙara dagula kalmomin, har zafi yake min. A yi magana a sarari, a hankali, ina ganin fuska, ya wadatar. Sai da na yi shekara guda kafin na iya gaya wa Babban Yaya abin da ya faru a daren nan. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya dafa kafaɗata ya ce Allah bai nufa ba. Da zai tafi ya juyo ya ce, a hankali, yana kallon fuskata yadda na koya masa, "Ka riƙa kai yaran shagonka a duba su."

A gida, yarana duk sun kammala alluransu. Ba mai zura komai a kunne, ko tsinken auduga, don kunne yana fitar da dauɗarsa da kansa, tsinke kuwa ƙara tura ta ciki yake. Babban ɗana ya san ƙa'idar iyafis: kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma a riƙa cirewa ana hutawa. Ya taɓa tashi da ciwon kunne, a ranar muka je asibiti. Wani abokina kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, yana cewa bari ya ga kwana biyu, na hana shi zama, don irin wannan ɗaukewar ta farat ɗaya a kwanakin farko ake iya ceto ta.

A shago na mayar da janareta bayan gini. Na ware wurin yanka daban. Na sayo abin rufe kunne mai kama da kofi biyu, da kuma na soso wanda ake murzawa ya sirance, a ja kunne sama, a zura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta tare ƙara sosai, na gwada ta. Dokar ita ce ba mai taɓa inji ko guduma kunne a buɗe. Yaran ba sa so. Sun ce yana sa zufa, sun ce yaran wasu shagunan suna yi musu dariya.

Kwanakin baya na kama wani sabon yaro, ɗan shekara 16, ya rataye nasa a wuya yana yanka. Na kashe injin. Ya ce, "Oga, wallahi na saba, ba ta damuna." Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi, don da bakin nan na taɓa magana. Ban yi masa faɗa ba. Na cire na'urorina biyu na zuba masa a tafin hannu, na juya masa baya, na ce ya faɗi duk abin da ya ga dama. Na tsaya ina kallon bango, ni da kukan gyarena. Da na juyo na tarar sauran yaran suna ta dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon abin da ke hannunsa. Har yau ba wanda ya yarda ya gaya min abin da ya ce. Yana dai sa abin kunnensa yanzu, aƙalla idan ina wurin, kuma ranar Litinin shi da wasu biyu za mu je a gwada jinsu.